Kallabin Mama da Gishiri

Ina yarinya a Gwantu, akuya ta ture ƙwaryar gishirinmu cikin yashi. Shi ke nan gishirin da muke da shi, kasuwa kuma sai wani mako. Na fashe da kuka.

Mama ta ce, "Ke, share hancinki ki hura wuta. Gishiri yana bin ruwa, yashi ba ya bi."

Ta kwashe duka, ta jiƙa, ta tace da kallabinta. Ruwan ya tafasa a kasko har ya ƙafe, sai ga gishiri fari fat.

Sai da na yi furfura na shiga aji. Ranar da malama ta cakuɗa gishiri da yashi, ta ce wa zai raba su, ban ɗaga hannu ba. Tashi na yi na kwance kallabina.