Masunci da Wayar Shafa

Tun da ka ce in zaɓa maka tsakanin waya mai maɓallai da wadda ake shafawa, bari in ba ka labarin wani masunci, sai ka yanke wa kanka.

Mutumin nan yana da wata 'yar waya mai maɓallai, irin wadda samari ke yi wa dariya. Ta tsufa har lambobin jikinta sun goge, amma babban yatsansa ya haddace su tsaf. Kullum tana ƙulle a leda, rataye a wuyansa, kuma ta cikin ledar yake latsa ta, hannu jiƙe, ido na kan ruwa. Aikinta a wurinsa ɗaya ne, amma babba. A yankinsu akwai wata mata mai sarin ɗanyen kifi, tana zuwa da mota cike da ƙanƙara. Ba ta bin gaɓa a banza. Wanda ya yi babban kamu, tun yana tsakiyar kogi zai kira ta, ta juya mota ta tare shi. In hantsi ya dubi ludayi ba ta ji daga kowa ba, sai ta kama hanyar birni. Shi kuwa maɓalli guda zai danne, sai ya ji sallamarta.

To, yana da amini tela, mai babbar waya ta shafa. Duk yamma in ya zauna a shagonsa, sai ya ga yatsan telan na yawo a kan gilashi, hotunan ɗinki na wucewa, masu kawo aiki na nuna wanda suke so. Wayar ta karɓi tela, babu ko tantama, don tun da ya saye ta kekensa bai huta ba. Ran masunci ya biya. Ya riƙa jin kunyar fito da tasa a gaban mutane, abin da bai taɓa ji ba. Wata ranar kasuwa ya ba da ita, ya yi ciko da kuɗin tunkiya, ya dawo da mai gilashi yana ta washe baki. Telan ya sa masa lambobi, ya koya masa yadda ake buɗewa da yadda ake kira, kuma ya iya nan da nan, don ba daƙiƙi ba ne. Sai dai a inuwa ya koya, a zaune, hannunsa a bushe, kuma daga shi har malamin nasa babu wanda ya kawo wannan a ransa.

Ba a yi sati biyu ba kakarsa ta yanke saƙa. Giwan ruwa ya faɗa tarunsa, irin wanda masunci kan shekara biyar bai gani ba. Da ƙyar da jiɓin goshi ya mirgino shi cikin kwalekwale, jirgin har yana karkata. Ya yi hamdala, ya zaro waya yana haki. Ya shafa ta cikin leda, ko gezau. Ya kwance ledar ya shafa da yatsa, yatsan duk yauƙin kifi. Ya goge a riga, rigar ta fi hannun jiƙewa. Rana kuma ta haske gilashin, ba ya ganin komai sai fuskarsa. Da ɗigon ruwa ya sauka a kai, sai wayar ta kama aikin gabanta, ta buɗe wannan ta rufe wancan, har ta ɗauki hoton hancinsa. Yatsan da ya shekara goma yana gane maɓalli ba tare da ido ba ya yi ta lalube, babu tudu babu kwari, ko'ina sumul. Tausayi yake ba ni a nan, domin ya san lambar matar a ka, ya san abin da zai ce mata, ga sabis, ga caji, amma babu hanyar isa gare ta.

Ya ajiye wayar ya kama tuƙi iya ƙarfinsa. Ko da ya iso gaɓa ya goge hannu da busasshen yashi, kira ya shiga salin-alin. Matar ta ce ai ta yi nisa, ta ɗauki kayan wasu, sai dai jibi. Ɗanyen kifi kuwa ba ya jiran jibi a wannan zafi. Haka matarsa ta sa wuƙa aka yanyanka shi, aka yi banda, aka sayar a hankali a kuɗin da bai kai rabin rabi ba. Kafin a yanka, telan ya zo ya karɓi wayar ya ɗauki kifin hoto, kuma hoton ya yi kyau ƙwarai. Masuncin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wayar nan ba ta da laifi. Taka ce, ba tawa ba."

Don haka kafin ka shiga kasuwa, dubi tafin hannunka, ka tuna abin da yake wuni yana taɓawa, da inda za ka kasance ranar da kira ɗaya zai zame maka dole. Abin da ya ɗaga amininka yana iya kayar da kai. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa da kiwon da ya karɓe shi.