Manja da Toka

Karo na uku ke nan malaminta na jami'a ya dawo mata da kundin bincikenta. Ta shigo gidansu a Dilimi, ta yar da shi kan tabarma.

"Inna, wai na jera maganar masana talatin, kowa zaune daban, babu tawa."

Uwar ba ta taɓa shiga aji ba, amma shekara ashirin tana dafa sabulu. Ta gutsuro na jiya ta miƙa mata.

"Ke mai karatun sinadarai, nuna min manjan, nuna min tokar."

'Yar ta jujjuya shi, ta rasa.

"Kowanne shi kaɗai ɓata riga yake yi, sai sun sha wuta tare suke wanki. Ni da harshe nake gwadawa. In ya yi cizo, ba su haɗu ba."

Bayan wata biyu 'yar ta dawo da kundin, malam ya sa hannu. Uwar ta goge tafinta a zane, ta buɗe tsakiya, ta daɗe tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa. Sannan ta taɓa gefen takardar da harshe.

"Bai yi cizo ba," in ji ta.