Tsohon da Mura Ba Ta Sani Ba

"Don Allah Malam, ka yi tari ko sau ɗaya ne," in ji Uwa, tana jan rigar mijinta Na'Allah a layin rabon gero na Sabon Birni. Shekarar fari ce, rumbunsu ba ko zangarniya, rabon kuma na tsofaffi marasa ƙarfi ne kawai.

Na'Allah kuwa duk ƙauyensu Tsamaye an gaji da kurinsa: shayin citta, tafiyar ƙasa kullum, mura ba ta san ƙofarsa ba. Haka ya daure, ya duƙa, ya ƙaƙalo tari.

Mai rabon ya girgiza kai. "Wayyo! Wanga tsoho ko akushi ba ya ɗagawa. A samo mai ɗaukar mishi."

"Wa? Ni?"

Na'Allah ya yar da sandar aron da yake dogarawa, ya sunkuci buhun ya aza a ka, ya zagaya fili har da sassarfa.

"Madalla, Baba. Ajiye shi. Na gaba!"

Na gaba maƙwabcinsa ne, Ɗanmusa, yana fyace majina. Aka ba shi buhun. Ya juyo.

"Na'Allah, tunda hanyarmu guda, ɗauko min mana."