Ko Sarauniyar Taurari Ta Koma Gida

Dina, malamar makaranta a unguwar Obiagu ta Inugu, ta ji sallamar saurayinta Dogara mai tsire, amma ta ƙi ɗago kai. Tun kafin a sauke tutar Turawa take karanta masa littattafan nan masu kauri, tana juya masa su da Hausa: dauloli a cikin taurari, da sarauniyar da aka kora daga duniyarta. Saura littafi na ƙarshe, wanda da ƙyar ta samo daga Fatakwal, sai ta ji ya kai kayan auren wata.

"Dina, na san na ɓata miki," ya ce, yana murza hularsa. "Amma don Allah, sarauniyar ta koma gida?"

Sai yanzu ta dube shi. Ashe ma ba don ita ya zo ba.

"Takardun naɗe tsire da na aika maka makon jiya, sun ƙare?"

"Tas! Na gode ƙwarai."

"To, littafin ke nan, kuma babu irinsa a Inugu." Ta yi murmushi. "Da hannunka ka sayar da ƙarshen, har da yaji da albasa. Je ka amaryarka ta ƙarasa maka."