Shekarar da Akanta Ya Goge

Tunda ka ce ka raba kuɗinka gida biyu, don haka hankalinka ya kwanta, bari in ba ka misali. Wani tsohon akanta ne ƙaninsa ya rasu ya bar masa amanar dukiyar marayu uku. Tsoron kada kuɗin su narke a ajiye ya sa ya yanke shawarar sayen hannun jari a kamfanoni biyu: ɗaya yana noman shinkafa a fadama, ɗayan yana saye ya cashe ta ya sayar. Ya buɗe jadawali a kwamfuta, ya jera ribar kowanne shekara bayan shekara, yana neman rabon da zai kawo riba mai kauri da kasada kaɗan. Abin da ya gani ya yi masa daɗi. In shinkafa ta yi tsada, manoma su ci, masu casa su ji jiki. In ta yi araha, masu casa su dara. Duk inda ɗaya ya durƙusa, ɗayan na tsaye. Sai dai layi guda ya ɓata masa lissafi, wato shekarar ambaliya, inda su biyun suka faɗi tare. Ya juya kason ta nan, ya juya ta can, layin nan ya ƙi ba shi lambar da yake so. Mutumin ba jahili ba ne, kuma masu ilimi sun fi kowa iya yi wa kansu huɗuba. Ya ce wannan shekara ba ta cikin al'ada, sau nawa ake irinta? Ya danna ya goge ta. Nan take jadawali ya yi kyau, kasada ta sauka, ya zuba dukiyar marayu kaf.

Amma abin da ya goge a kwamfuta bai gogu a zuciyarsa ba. Damina ta kankama, babbar cikin marayun ta samu gurbi a jami'a, kuma daga wannan kuɗi za a biya mata. Mutumin da a da yake fitowa ƙofar gida ya yi hamdala in hadari ya haɗo, yanzu da ya ga gabas ta yi baƙi sai gabansa ya faɗi. In yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni?" ba ya iya haɗa ido da ita. Ya so ya sayar, ya ji tsoron asara. Ya so ya bari, ya ji tsoron ruwa. Yana cikin wannan jinkiri rediyo ta ce kogi ya cika ya shafe fadama. Ya buɗe kwamfuta, yana roƙon Allah ko masu casa sun tsira. Ina! Gonar da ta nutse ita ce ke ciyar da injin, ba shinkafa, ba abin casa. Lambobin biyu suna gangarowa tare, daidai yadda suka yi a layin da ya goge. Ya ji sallamar yarinyar a zaure, ta zo da takardar makaranta.

Kafin ka ce ka raba, duba ko gidajen biyu rijiya ɗaya suke sha. Hausawa sun ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.