Ajiyar Keturah

Robobin zobo ne suka ƙi shiga firji, shi ya sa Aishatu ta ciro jakar Keturah. Ta ɗora ta a kan tagar kicin da niyyar zuwa la'asar kawai, in an yi ciniki an samu gurbi ta mayar.

A lokacin Jimeta ta yi makonni babu wuta. Rana kamar an sauko da ita kan kwano, fanka ta zama ado, masu tura ruwa kuwa sai a roƙe su, don injinan burtsatse sun tsaya cik. A duk layin, gidan Aishatu kaɗai ke da firji mai aiki da hasken rana. Mijinta Malam Hayatu ne ya sayo shi bara, mutumin da ko takalmi sai ya gaji da ɗinki yake sake wani. Ba ta san abin da ya shiga kansa ba, ba ta kuma tsaya bincike ba. Ta kama sana'ar zobo da kunun aya abinta.

Keturah maƙwabciyarsu ce, nas ce a wani asibiti. Da wutar ta ƙi dawowa, ta kawo wata 'yar jaka mai kwalaben allurar ciwon suga.

“Maman Nahla, ki ajiye min wannan,” in ji ta. “Kar ya daskare, kar ya ji zafi. In ya ji zafi, ya zama ruwa.”

Aishatu ba ta tambayi ko na waye ba. Ai ga Mama Fibi nan, tsohuwar da ta haifi Keturah, kullum a kwance kan tabarma.

La'asar ta zo da masu saye har bakin titi, ta wuce. Wasu la'asar ɗin suka biyo bayanta. Sai da Aishatu ta je ɗauko galan ɗin manja ta ga jakar a bayansa, rana ta gasa ta kamar an sauke daga murhu. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba, ba ta ga ta canza komai ba. Ta tura jakar can ƙuryar firji, ta rufe, ta waiga ko wani ya gani.

Washegari Keturah ta zo ɗaukar sabuwar kwalba, tana ta sa albarka. Aishatu ta buɗe baki za ta faɗa, sai kunya ta riƙe mata harshe. Amin kawai ta iya cewa.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daga ranar, ko tari Mama Fibi ta yi a bayan katanga sai gaban Aishatu ya faɗi. Ta koma kai mata ruwan sanyi kyauta, ita da ba ta taɓa ba kowa ƙanƙara a banza ba. Takan zauna ta yi mata fifita da murfin kwali, tana kallon ƙirjin tsohuwar yana hawa yana sauka. Unguwa ta ɗauka: kun ga maƙwabtaka? Duk yabon da aka yi mata, ji take kamar an ɗora mata dutse.

Zafi kuwa kwasar tsofaffi yake yi. Yau a ce an yi jana'iza a unguwar Makama, gobe a ce wani ya faɗi a kasuwa. Aishatu ta san in tsohuwar nan ta tafi, zafi kowa zai zarga. Wannan ne ya fi cin ranta.

Malam Hayatu yana da wata al'ada, kowace safiya sai ya leƙa ya gaida Mama Fibi kafin ya wuce makarantar da yake koyarwa. Da ya fito sai Aishatu ta tare shi.

“Malam, yaya ka ga jikinta?”

“Garau,” in ji shi, yana neman moɗa.

Shi ma zafin ya saka shi a gaba. Ya tsaya a bakin randa ya sha, ya sha, ya zagaya bayi, ya dawo ya sake. Wandonsa har ya fara zamewa. Ko zobonta ba ya taɓawa, tun bara ya ce zaƙi na yara ne. Ranar da ta tarar da randa wayam ta yi masa faɗa, ta ce ya tuna ruwan nan roƙonsa ake yi. Ya ajiye moɗa ya fice. Ita ma ba ta ja ba, hankalinta yana gidan maƙwabta.

Ranar Lahadi ta ga abin mamaki. Mama Fibi ta tashi da ƙafarta, ta ɗaura zani, ta tafi coci har da waƙa. Aishatu ta jingina da ƙofa, hawaye suka zubo mata. Allah ya rufa asiri! Ta rantse a zuciyarta ba za ta ƙara wasa da amana ba. Da sauri ta shiga ɗaki don ta gaya wa mijinta tsohuwa ta miƙe.

Yana kwance tun hantsi. Ta kira shi, ta girgiza shi. Numfashi yake ja mai nauyi, leɓɓansa sun bushe sun tsage, idonsa bai buɗe ba.

Ihunta ne ya kawo Keturah a guje, da takalmin coci a hannu. Ba ta tambayi me ya faru ba. Ta koma gida ta ɗauko ɗan injin awon suga, ta soki yatsansa, ta duba. Fuskarta ta canza.

“Ki kira Keke, yanzu-yanzu!” Ta dafe kai. “Ni ban gane ba, Maman Nahla. Shi ya roƙe ni kar in gaya miki, wai hankalinki zai tashi. Amma ko rana ɗaya ban tsallake allurarsa ba, kullum da safe ina masa, daga kwalaben nan da ke firjinki.”