Hoton Maƙeri

Malam Zubairu, tunda ka ce ka sayi kwamfuta za ka fara gyara wa mutane hotuna, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mai hoto a wani gari, shagonsa na bakin kasuwa, kuma ya iya aikinsa, babu mai musun wannan. Sai dai mutanen garin sun saba masa da abu guda: duk wanda ya zo ɗaukar hoto sai ya ce a ɗan haska shi. Yau da gobe, ƙara wa mutum fari ya zama karramawa a wurinsa, kamar shimfiɗa wa baƙo tabarma. Ko ba a roƙa ba yana yi.

Wata rana wani magidanci ya kawo masa hoton mahaifinsa, wani maƙeri da ya rasu tun magidancin bai yi wayo ba. Hoton bai wuce tafin hannu ba, kuma shi kaɗai aka taɓa ɗaukar mutumin a duniya. A bakin maƙera aka ɗauke shi, cikin inuwar rumfa, fuskar ta yi duhu a ƙarƙashin hula. Shekaru sun mayar da takardar ja-ja kamar an tsoma ta a ruwan goro, danshin damina kuma ya manne ta da gilashin da aka rufe ta da shi. Magidancin ya ce mahaifiyarsa ce take so a fitar da shi babba a rataye mata a ɗaki. Idonta ya fara rauni, kuma tana so jikoki su san fuskar kakansu tun tana da ran da za ta nuna musu ta ce ga shi nan.

Mai hoto ya fara shigar da hoton cikin kwamfuta ta bayan gilashin. Da ya so ya ɓamɓare takardar ko ya sami wanda ya fi fita, sai fuskar ta bi gilashi, takardar ta rabu biyu. Bai damu ba, tunda yana da na kwamfuta. Ya zauna ya fara da launi. Ya dubi rigar maƙerin, ya san fara ce, ya yi ta rage jan nan har rigar ta koma fara, katangar baya ta koma launin ƙasa. Ya ƙara haske kaɗan, idanu suka fito daga inuwar hula. Ya ɗan ƙarfafa bambancin haske da duhu, fuska ta rabu da katanga, zaren aikin wuyan riga ya bayyana. Ga mutum nan zaune, baƙi wuluk, mai faɗin goshi, da zanen gidansu a kumatunsa, yana duban mai ɗauka kamar an katse masa aiki. A nan aikin ya ƙare, da ya sani.

Amma sai ya ga ai wannan mamaci ne, kuma uban wani, bai kamata ya bar shi haka baƙi ba. Ya ƙara haske, ya sake ƙarawa. Fata ta yi fari, rigar ta narke cikin katanga, aikin wuya ya ɓace. Da ya ga fuskar ta zama shafal kamar faifai, sai ya danna duhu don ya dawo da ita, idanun suka koma ɗigo biyu na tawada. Da ma takardar ta sha ƙarzuwa, shi kuma yana ta goge ƙarzunan ɗaya bayan ɗaya, hannu ya saba, ya haɗa da layukan kumatu ya share. Ya sumulce goshin da zafin wuta ya yi wa tamoji. Abin ya yi masa kyau ƙwarai. Ya adana sabon a kan tsohon da ke cikin kwamfuta, tsohon ya goge, ya wanke sabon babba, ya sa masa gilashi.

Magidancin ya karɓa da murna, shi da bai riƙe kamannin ubansa ba. Ya kai gida, aka tara jikoki a tsakar gida, aka fito da tsohuwa inda rana take. Ta kawo hoton kusa da fuskarta, ta nisanta shi, ta shafa gilashin da yatsa daidai kumatu. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Tubarkalla, kyakkyawa ne. Ɗan wane gida ne?" Aka ce ai Baba ne. Ta miƙa wa ɗanta hoton ta ce, "Kai dai karɓo mini ƙaramin nawa."

Ya koma shago, aka nuna masa gilashi da guntun takarda. Mai hoto ya ce a yi haƙuri, zai mayar da shi yadda yake. Ya rage hasken, amma abin da haske ya cinye ba ya dawowa, sai fuskar ta yi toka-toka kawai. Ya ce to zai zana layukan da hannu, ya tambayi guda nawa ne a kowane kunci, tsaye suke ko a karkace. Magidancin bai sani ba, domin shi ba a yi masa ba. Mai hoton da ya share su ma bai ƙirga ba. Tsohuwa ta sani, amma ta ce ba za ta faɗa ba, ba ta ga dalilin ɗora wa baƙo zanen gidan mijinta ba.

Hoton yana nan bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango. Jikoki kuwa, in sun tambayi yadda kakansu yake, sai ta nuna musu gawayin maƙera ta ce kamar wannan.

Saboda haka, Malam Zubairu, in ka ga mutum ya fito a hoto har wanda ya san shi zai kira sunansa, ɗauke hannunka. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.